Rabin Rijiyar Iyatu

"Ka mayar musu da goronsu," in ji Iyatu. "Ba ni da haƙorin tauna shi, ba ni kuma da bakin yafe masa."

Ɗan'inna ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙullin goro a ganye, bai shigo ba, bai koma ba. Tsoho ne, da can shi ke yasar rijiyoyin garin nan. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma ɗan aike a gidan Honarabul Maharazu, gidan da ke bayan katangar Iyatu. In an ci an rage a miƙa masa, in riga ta tsufa a jefa masa.

"Haba matar Malam. Mutumin nan fa kwana yake ƙirgawa. Jiya aka dawo da shi daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Hajiya Safiyatu ce ta ce a bi maƙwabta gida-gida a nemar wa mijinta gafara, kamar yadda aka saba. Kowa ya yafe. Ke kaɗai kika rage."

"Kowa ya yafe don ba a ɗauke wa kowa rijiya ba."

"Ita dai duniyar nan..."

"Kada ka karanta mini duniya, Ɗan'inna, na riga ka shigowa cikinta. Sau nawa ka sauka a rijiyar nan? Ta wane gida kake shiga in za ka yashe ta?"

Ɗan'inna ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

"Ka ga? Ko a nan da babu alƙali ka kasa faɗa."

Bari a faɗi yadda aka yi, kada wanda bai sani ba ya ce tsohuwa ce kawai mai baƙar zuciya.

Rijiyar nan mutum biyu suka haƙa ta: mahaifin Malam Idirisu, mijin Iyatu, da mahaifin Maharazu. A kan iyaka suka haƙa ta da gangan, suka ɗora azara suka gina katangar ƙasa a kanta, rabin baki a wannan gida, rabi a wancan. Mace in ta zura guga ta nan, sai ta ga fuskar maƙwabciyarta a cikin ruwa ta can, su gaisa, su yi gulma, kowa ya ja nasa. Lokacin da aka kawo Iyatu amarya, Maharazu yaro ne mai ƙazuwa, uwarsa tana kwance ba lafiya. A bakin rijiyar nan Iyatu ta riƙa dirje shi da soson kara da sabulun salo yana tsala ihu. Amarya yake ce mata. Har ya girma, ya yi makaranta, ya zama malamin gona mai babur, bai daina ce mata Amarya ba.

Sai shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa. Aka ce za a yi majalisa a Dutse, kowane yanki ya tura mutum. Maharazu ya ajiye aikin gona ya sa babbar riga ya tsaya. Zaɓen shekarar nan kuwa ƙato bayan ƙato ne. Babu takarda, babu akwati, babu labule. A kafa hoton ɗan takara a kan sanda, wanda yake so ya je ya tsaya a bayansa, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirga kawuna kamar awaki a kasuwar Jahun. Uwa ta ga inda 'yarta ta tsaya, mai gari ya ga inda talakansa ya tsaya. Wurin zaɓen unguwar nan kuma filin ƙofar gidan Maharazu ne, gindin darbejiyar da har yanzu take nan.

Malam Idirisu ya tsaya a layin maƙwabcinsa. Iyatu ta wuce ta tsaya a ɗaya layin. Ba don ta ƙi Maharazu ba. Abokin takararsa ɗan ungozomar da ta kwana uku a kanta ne lokacin haihuwar 'yarta Huseina, har Allah ya raba lafiya bayan an fitar da rai. Tsohuwar ta zo har ɗaki ta roƙe ta, ta ce mata to. Ita kuwa Iyatu in ta ce to, ta ce ke nan.

Mata bakwai ne a layin. Bakwai rak. Layin Maharazu kuwa ya miƙe har ya sha kwana ta bayan masallaci. Ya ci zaɓe da ratar da ko a mafarki bai zata ba. Amma mutum bakwai sun fi ɗari bakwai saurin ganuwa. Labari ya riga shi isa Dutse. 'Yan'uwansa 'yan majalisa suka riƙa tsokanarsa wai wadda ta yi masa wanka ta san abin da ta gani, shi ya sa ta ƙi bin sa.

Wata uku da rantsar da shi, tifa ta sauke bulo. Aka rushe katangar ƙasa, aka ja igiya, aka shigo taku uku cikin gidan Malam Idirisu, aka tayar da katangar siminti mai kwalabe a kai. Rijiya ta koma can gaba ɗaya.

Malam Idirisu mutum ne mai sanyi, ko akuya ba ya ɗaga wa murya. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya zagaya. Aka bar shi a zaure tun hantsi har la'asar, mutane suna shiga suna fita, masu neman taki, masu neman aikin masinja. Da Honarabul ya fito zai shiga mota, Malam ya durƙusa wa yaron da ya girma a gabansa. Maharazu bai ko tsaya ba. Da ƙafa ɗaya a cikin mota ya ce, "Malam, ka ce wa matarka ta je ta sha ruwa a layin da ta tsaya."

Shekara shida Malam yana ɗaure jarkoki biyu a keke, ya je famfon tuƙa-tuƙa na bayan makarantar firamare, ya bi layi da yara da 'yan ga-ruwa. Wata bazara keken ya kwashe shi a cikin rairayi, jarkokin suka danne shi, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, bai tashi ba. Wata huɗu yana kwance ya cika. Kuma ko sau ɗaya, ko da wasa, bai taɓa ce mata ke kika ja mana ba. Da ya faɗa da ta huta.

Shi kuwa Maharazu duniya ta yi ta tafiya da shi. Shekara biyu bai cika ba a majalisa soja suka kore su, ya dawo da mota da tumbi. Soja suka ƙirƙiro jam'iyyunsu, ya shiga. Suka mutu, ya shiga wata. Hula dai yake sauyawa, kan na nan. Da farar hula suka dawo aka hana shi takara, aka lallashe shi da shugabancin jam'iyya na ƙaramar hukuma, sunansa ya koma Ciyaman. Daga nan babu mai zama kansila, babu mai samun buhun taki, babu mai kafa ko teburin shayi a bakin titi sai ya gyaɗa kai.

Da aka ƙaddamar da shari'a, a sahun gaba ya zauna a Dutse da farin rawani yana kabbara har muryarsa ta dishe. Iyatu ta ji a rediyo ana cewa yanzu mai rauni zai karɓi haƙƙinsa a hannun mai ƙarfi. Ta ɗauka da gaske ake. Ta yafa mayafi ta tafi kotu da ƙafarta. Alƙali ya saurare ta tsaf, bai katse ta ba, sannan ya ce, "Iya, shari'a ba ta aiki da kuka. Ko ki kawo shaidu biyu, ko shi ya amsa da bakinsa a gaban mutane." Gari guda ya san rijiyar nan. Ta bi gida goma sha ɗaya. Wannan ya manta, wancan lokacin yana cirani, Ɗan'inna ya ce idonsa ya yi rauni. Sau huɗu ana ɗaga zama don Ciyaman yana taro. Kafin na biyar ya yanke jiki ya faɗi a wurin rabon taki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

To, mutumin da ake nemar wa gafara ke nan.

"Ka ce wa Hajiya gobe zan zo," Iyatu ta ce wa Ɗan'inna. "Ba yafiya zan kawo ba. Magana zan karɓa. In na karɓa, sai a ga abin da zuciya za ta yi."

Washegari bayan azahar, lokacin da maza ke fita a bar wa mata dubiya, ta zagaya. Rabonta da ƙofar nan shekara goma. Motoci uku a gindin darbejiya. Zaure cike da 'yan jam'iyya a kan darduma, sun tuɓe huluna, ga kwalaben lemo, ga ɓawon gyaɗa. Ba addu'a suke ba, gardama suke. Abdurrahim, babban ɗan Ciyaman, yana tsakiya da wata takarda a kan cinya, ya danne ta da tafin hannu kamar za ta tashi.

Ta yi sallama. Mutum ɗaya ya amsa. Wani ya ce a hankali, amma yadda za ta ji, "Ga ta layin bakwai nan." Aka yi 'yar dariya.

Tsakar gida an malale shi da siminti kaf, zafi yana tasowa ta tafin ƙafa. Ta hango rijiyar a kusurwa. An yi mata murfin ƙarfe, an shafa koren fenti, ga kwaɗo a rataye. Ta tsaya ta dube ta kamar yadda ake duban 'yar da aka raba ka da ita tun tana goye. Sannan ta ɗaga labule.

Ɗakin yana warin magani da fitsari da turaren wuta. Hajiya Safiyatu tana zaune a gefen gado da mafici. Shi kuwa mai gidan, tumbin nan duk ya zube, bakin ya karkace, ido ɗaya a buɗe, ɗaya ya lumshe yana zubar da ruwa. Hannunsa na dama yana kan zani, babban yatsan ya yi shuɗi da tawada har farce.

"Sannu da zuwa, Iya. Allah ya saka. Zauna ga kujera."

"A tsaye zan yi. Me ya sami yatsansa?"

Hajiya ta kau da kai. "Da safe suka shigo. Takardar riƙon ƙwarya ce, wai ya bar wa Abdurrahim kujera kafin a yi taro. Ba ya iya riƙe biro, sai suka dangwala masa."

"Su nawa?"

"Su takwas."

"Takwas," in ji Iyatu. "Ashe akwai shaidu a garin nan."

Muryarta ce ta sa idon nan mai rai ya juyo. Ya daɗe a kanta. Leɓen ya yi ta rawa kafin abu ya fito, can ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Am... marya."

Iyatu ta gyara mayafinta. Ba don wannan ta zo ba.

"Ni ce, Maharazu. Ka gane ni ashe. Shekara goma ina bayan katangarka ba ka gane ni ba, sai yau."

"Iya, don Allah," in ji Hajiya.

"Ru... wa."

Hajiya ta ɗebo a cokali ta ɗiga masa. Rabi ya shiga, rabi ya bi gefen baki ya sauka a matashi.

"Da daɗi ko?" Iyatu ta matso har gwiwarta ta taɓa gado. "Ruwan nan ba shi da gishiri, ba shi da kanwa, duk garin nan babu irinsa. Malam har ya mutu yana cewa ko kofi ɗaya ne a samo masa. Na aiko Huseina da kofi, aka ce mabuɗin kwaɗo yana hannunka, kana Dutse. Da ruwan jarka ya cika, mai warin fetur. An aiko mini da goro wai in yafe. Ni ba goro nake so ba. Faɗi nake so ka yi. Rijiyar nan ta wa ce?"

Ƙuda ya sauka a goshinsa, Hajiya ta manta ba ta kore shi ba. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

"Rabi... naku ne. Baba... da baban Malam." Ya ja numfashi da ƙyar. "A rushe. Ka... tangar. A rushe."

Shekara goma, ga shi a kalma goma. Iyatu ta juya ga Hajiya.

"Kin ji?"

Hajiya tana kallon maficinta.

"Safiyatu, kin ji ko ba ki ji ba?"

"Ni salati na ji yana yi."

Sai a lokacin Iyatu ta gane kuskurenta. Ta zo a lokacin mata. Babu kowa a ɗakin sai mai ƙara da matar wanda ake ƙara. Ta bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa ta fita a guje, gudun da rabonta da shi tun tana budurwa.

"Mutum biyu!" ta ce a bakin zaure, tana haki. "Mutum biyu su taso, don girman Allah. Yana magana. Ku zo ku ji abin da yake faɗa."

Babu wanda ya motsa. Abdurrahim ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

"Iya, Baba ba ya magana tun shekaranjiya."

"Au? To da safe da wane baki ya ce kai ne Ciyaman?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula. Fuskar Abdurrahim ta murtuke.

"Lokacin mata ne yanzu," in ji wani mai ƙaton agogo, sakataren jam'iyya. "Mu ba ma keta haddi. Shari'a ake yi yanzu, Iya, ko ba ki ji ba?"

"Na ji. A bakinku na fara ji. Kai ba ɗan Mailafiya mahauci ba ne? Uwarka a rijiyar nan take wanke kayan ciki, ta gidana take shigowa. Tashi!"

"Allah ya ji ƙanta. Ni lokacin ina yaro."

"Yanzu ma yaron ne."

Ta finciki Ɗan'inna daga lungun da ya raɓe, ta riƙe wuyan rigarsa. Ɗaya ke nan. Ta ja shi har waje tana neman na biyu. Mai faci yana gindin darbejiya yana danna tayar keke a cikin kwano.

"Ɗan nan, minti biyu. Ji kawai za ka yi."

Ya dubi ƙofar gidan, ya dubi motocin. "Iya, wurin nan da nake zaune aro aka ba ni. Ki yi haƙuri."

Mai rake ya ga ta nufo shi, ya tura baronsa gaba. Wani manomi da ke wucewa da kurar shanu ya tsaya, da ya ji gidan da za a shiga sai ya ce shanunsa ba sa tsayuwa a rana. Tana nan tsakiyar fili, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, sai ga liman ya fito daga masallaci yana tafe a hankali da sandarsa. Ashe Hajiya ta riga ta aika masa ta ƙofar baya.

"Alhamdu lillahi," in ji Iyatu. "Malam, Allah ne ya kawo ka. Mu je."

Da suka shiga ɗakin ya cika. 'Yan zauren da ba sa keta haddi duk sun shigo, sun jeru a jikin bango. An juya Maharazu a kan damansa, fuska ga alƙibla. Hajiya tana durƙushe a kansa.

"Ya yi," ta ce wa liman, da ƙarfi don kowa ya ji. "Na laƙƙana masa, ya karɓa. Ya yi kalmar shahada, kowa ya ji."

"Mun ji," in ji 'yan bango.

"Ma sha Allahu," in ji liman. "To a yi shiru. Kada wanda ya sake sa shi maganar duniya. A bar shi ya tafi a kanta."

Wannan kowa ya san shi, Iyatu ma ta sani. In mai barin duniya ya furta shahada, ba a ƙara tambayarsa komai, ko sunan ɗansa ne, don ita ta zama ƙarshen abin da harshensa ya ɗauka. Ita ta yi wa Malam haka, ta kori Huseina daga ɗaki don kada kukanta ya sa ya kira ta. Ta dubi Hajiya. Hajiya ta dube ta, ido cikin ido, babu kunya babu tsoro.

Ga shaidu sun fi goma. Ga liman. Ga mutumin da rai, idonsa ɗaya a buɗe, ya zagayo yana nemanta. Kalma biyar ta rage tsakaninta da rijiyarta, kuma an gitta mata Allah a tsakani.

Ta ji tsoron Allah har cikin ƙashinta, wannan ba ƙarya ba ne. Sannan ta tuna ƙarar da Malam ke yi in ta juya shi za ta sauya masa shimfiɗa, yana cije zani don kada ta ji.

"Maharazu," ta ce. "Maimaita abin da ka faɗa mini. Rijiyar nan ta wa ce?"

"Subhanallahi!" in ji liman.

Leɓen Maharazu ya motsa. Kowa ya gani. Abdurrahim ne ya fara, da muryar da yake kiran sunan jam'iyya a wurin taro: "La'ilaha illallahu!" Sakatare ya karɓa, 'yan bango suka karɓa, ɗakin ya ɗauka kamar ranar buɗe kamfen. Bakin mutumin yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashin muryoyinsu. Ɗan'inna ne kaɗai kansa yake kusa, don Iyatu ta tura shi har ya dafa gadon.

"Ku yi shiru ya faɗa!" Iyatu tana ihu. "Ku bar shi! Ku ji tsoron Allah ku bar shi!"

Mata biyu daga dangin Hajiya suka kama ta, ɗaya a hannu ɗaya a ƙugu, suka ja ta a kan simintin nan mai zafi har waje. Wata ta wurgo mata takalminta.

"Mayya! Mutum yana kan gaɓa kin hana shi cikawa da imani saboda rami!"

Maharazu bai sake cewa komai ba. Ana kiran la'asar kuka ya tashi a bayan katanga.

Kafin a idar da salla magana ta gama gari: tsohuwar nan ta ɓata wa Ciyaman shahada. Matar da ke kawo mata ƙuli-ƙuli ta wuce ƙofarta ba sallama. Iyatu ta zauna a dakalin zaurenta har ta ga Ɗan'inna ya fito da sauri an aike shi sayo alawayyon likkafani.

"Zo nan. Me ya ce?"

"Matar Malam, ana jirana."

"Kunnenka yana bakinsa. Me ya ce?"

"Hayaniya ta yi yawa."

"Ka rantse ba ka ji ba."

Bai rantse ba. Ya tsaya yana murza kuɗin likkafani a hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni a gidan nan nake ci," ya ce. "Abdurrahim ya ce ba zai kore ni ba."

Ya wuce. Ba ta zage shi ba. Zagin ma ya ƙare.

Ta koma ciki ta zauna a kan turmi a gindin katangar. Motoci suna ta isowa daga Dutse, tana jin ƙofofi suna bugawa, ana gwada lasifika. Sai ta ji an buɗe kwaɗo, murfin ƙarfe ya yi ƙara, guga ya faɗa. Ta san zurfin da kunne. Gaba tara da rabi kafin ya taɓa ruwa. Aka ja, aka juye, aka sake zurawa. Wankan gawa za a yi.

A gidan talaka rami ake tonawa a ƙarƙashin gawa, ruwan wanka ya tsaya a nan a binne shi. Gidan Ciyaman siminti ne ko'ina, babu inda za a sa fartanya. Suka kewaye kusurwar rijiya da tabarmi suka yi a nan. Gangaren wurin kuwa ya nufi wata 'yar kafa da magina suka bari a gindin katanga don ruwan sama.

Da farko danshi ta gani a bakin kafar. Sannan ya fito, siriri, da kumfar sabulu a kansa da ƙamshin kafur. Ya ratso ta gefen turmin, ya bi tsakar gidanta a hankali yana tura ɓawon gero da kashin awaki. Akuyarta ta taso tana miƙa wuya. Iyatu ta tashi ta kama ta, ta kai ta turke ta ɗaure, ta ɗauke kwanon tuwo daga hanya, ta dawo ta zauna.

Bayan ɗan lokaci lasifika ta buɗe a fili. Liman yana cewa duk wanda marigayi ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe. Maza suka amsa da murya ɗaya, kamar aradu daga nesa, "Mun yafe!"

Ruwan bai kai bakin ɗakinta ba, ƙasa ta shanye shi. Kumfar ce ta rage a kan danshin, tana fashewa ɗaya bayan ɗaya.